Yadda Muka Gaida Mai Ɗigo a Kwarin Masu Raɗa

Ranar Talata ce, goma sha ɗaya ga watan Janairu, ƙarfe tara da minti ashirin na safe bisa ga agogon aljihuna, wanda bai taɓa yi mini ƙarya ba, muka leƙa ta Ƙofar Iska muka hango Kwarin Masu Raɗa shimfiɗe ƙarƙashinmu, fari fat. Mu uku ne. Da ni Barnaba, mai rubuta wannan labari. Da taubashina Anaruwa, masunci ɗan masunci, mai faɗin ƙirji da faɗin murya. Da jakinmu, Sufeto, wanda ya sami sunansa saboda ba ya wuce kayan kowa sai ya sa hanci ya bincika.

Wata goma sha huɗu ke nan rabonmu da gida. Mun ƙetare tafkin da ruwansa ke juyawa baya kowace Alhamis. Mun ratsa dajin da itatuwansa ke tari in an jingina da su. Mun shiga Birnin Tambaya, inda ba a buɗe wa baƙo ƙofar fita sai ya yi wa mai gadi tambayar da za ta gajiyar da shi. Malamai sun tsufa a bakin ƙofar nan. Anaruwa kuwa zama ya yi ya fara gaida mutumin tun hantsi. Ya tambayi kwanansa da gajiyarsa, da matansa ɗaya bayan ɗaya, da 'ya'ya da jikoki, da awaki, da tarin da ya ji wata akuya tana yi a bayan ganuwa. La'asar na yi mai gadi ya buɗe ƙofa da hannunsa, yana roƙonmu mu tafi. Tun daga ranar Anaruwa ya ɗauka babu ƙofar da gaisuwarsa ba za ta buɗe ba.

Abin da ya raba ni da gida hoto ne. A makarantar mishan da na yi, shekara sittin da suka wuce, akwai hoton wani kifi a bangon aji, mai ɗigo-ɗigo ja kamar an yayyafa masa garin barkono. Malamarmu ta ce a ruwan ƙanƙara yake zama, sunansa tirawut. Na je gida na gaya wa babana. Ya ce ya san giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da ƙurungu tun ba a haifi malamar ba, kuma babu kifi mai ƙyanda a duniyar Allah. Su biyun nan ban taɓa kama ɗayansu da ƙarya ba. Na riƙe abin a raina har na yi furfura. Da matata Rifkatu ta rasu, gidan ya yi mini faɗi, sai na ce zan je in gani. Anaruwa ya ce ba zai bar bawansa ya ɓace a hanya ba. Ni ma bawana nake kiransa, kuma tun muna yara ba a raba wannan gardama ba.

A Ƙofar Iska, da ya hango hayaƙin gari can ƙasa, sai ya cika ƙirji ya yi sallama irin ta mutumin da aka yi wa tarbiyya. Dutse ya amsa. Na fara jin wani gurnani, na waiwaya, sai ga dusar ƙanƙarar da ke bisa tudun duk ta taso tana gangarowa. Ƙirgin da muke kwana a kai na warware, muka faɗa kansa, muka janyo Sufeto ya zauna a tsakiyarmu kamar amarya. Tafiyar yini guda muka yi cikin minti huɗu. Na duba agogo. Muka tsaya cak a ƙofar wani gida, Anaruwa yana dariya har da hawaye, hawayen suna daskarewa a gemunsa.

Nan muka gane dalilin sunan kwarin. Mutanensa ba sa ɗaga murya, don duwatsunsu ba sa son hayaniya. Da raɗa suke ciniki, da raɗa suke faɗa, zakarunsu ma kamar masu jin kunya suke cara.

Wadda ta fito ta same mu tsohuwa ce doguwa, mai idanu ruwan toka. Sunanta Yeldu, ita ce Uwar Rafi, mai kula da rafukan kwarin da baƙinsa. Ta sa aka kai mu wani ɗaki mai murhu. Da aka cire wa Anaruwa takalmi sai dariya ta tsaya. Ashe kwana uku yana tafiya cikin ƙanƙara da takalmin fade, bai gaya mini ƙafarsa ta daina jin komai ba. Yatsu biyu na hagu sun yi baƙi. Yeldu ta shafa masa wani kitse, ta naɗe, ta nuna da hannu cewa zai warke, amma sai ya yi wata uku bai hau tudu ba.

Sannan ta zauna ta gaya mana dokar kwarin. Ina da kalmomin harshensu ɗari biyu da goma sha ɗaya a littafina, waɗanda na koya wurin wani mai sayar da barguna a Birnin Tambaya, da su na fahimce ta. Itace yana da wuya a ƙasarsu. Baƙon da ya zo da sanyi, wutar kwana bakwai yake da ita. In a cikin kwana bakwan ya yi wa kifin rafi temmi, ya zama ɗan gari, a raba itace da shi har ƙanƙara ta narke. In bai yi ba, a raka shi Ƙofar Iska kafin ta toshe. Kifi ɗaya ya isar wa murhu ɗaya.

Na dubi ƙafar Anaruwa, na dubi tudun da muka gangaro. Ko Sufeto ba zai iya hawa da shi ba.

Anaruwa ya tambaye ni mene ne temmi. Na buɗe littafi, lamba ta tamanin da takwas. Na tuna yadda mai barguna ya nuna mini: ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu, ya dubi fuskata, ya sake ni. Na rubuta da kyakkyawan rubutu, temmi, gaisuwa.

"Gaisuwa kawai?" in ji Anaruwa. "Akawu, kwanta ka yi barci. Wannan aikin ubangidanka ne."

Washegari na ɗora shi kan Sufeto muka gangara rafi. Ƙaramin rafi ne, wani wurin in ka buɗe ƙafa za ka tsallake, ruwansa garau kamar babu ruwa, gefensa duk ƙanƙara ta yi masa leɓe. Muka tsaya bakin wani gurbi. Na ga wasu inuwoyi dogaye can ƙasa, kwance, ba sa motsi. Anaruwa ya gyara zama, ya yi sallama. Inuwoyin suka ɓace, reshen da ke bisa kansa ya sauke masa kayan ƙanƙara a wuya. Ya ce kunya ce, haka manya suke. Ya ci gaba da ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya iyali, yaya ƙananan da ke ƙarƙashin dutse.

Kwana uku muna haka. Gurbi ashirin da shida muka gaisar, na rubuta su duka. Mutanen gari suna hango mu daga nesa su sunkuyar da kai su canza hanya. Daga baya na ji ashe sun ɗauka ibadarmu ce, shi ya sa ba wanda ya tanka. Anaruwa ya gwada kirari, ya gwada waƙar masunta, ya gaida su da muryar mata ko matan ne a gida. Ni kuma na cire hula na gwada gaisuwar da aka koya mana a mishan. Ko kumfa ba mu gani ba. Kowace yamma itacenmu yana raguwa, kowace yamma Anaruwa yana cewa gobe za su amsa, ai mai gadi ma sai la'asar ya sallama.

Rana ta huɗu, ƙarfe ɗaya saura kwata, na bar shi yana hutawa na bi rafin ni kaɗai. Sai na hango Yeldu durƙushe a ƙasan wani gurbi, ta ba rana gaba don kada inuwarta ta faɗa ruwa. Tana riƙe da sanda siririya mai tsawon mutum biyu. Ta kaɗa ta baya, ta kaɗa ta gaba, zare ya miƙe a iska ya sauka kan ruwa ba ƙara. Ruwa ya tafi da shi a hankali. Wani ɗan zobe ya buɗe a saman ruwan, ta ɗaga hannu, sanda ta lanƙwashe. Ina nesa, ban ga kifin sosai ba, walƙiyarsa kawai na gani. Amma na ga abin da ta yi. Ta jiƙa hannuwanta, ta riƙe shi da su biyu, ta dubi fuskarsa, ta sake shi.

Na zauna cikin ƙanƙara. Mai barguna bai yi mini ƙarya ba. Ni ne na rubuta rabin magana.

Na koma na gaya wa Anaruwa. Ya fashe da dariya har Sufeto ya tsorata. Ya ce shekara nawa aka yi ana koya mini boko, ga shi na sa dattijo ya yi kwana uku yana tambayar kifi lafiyar surukansa. Amma batun sakewar bai shige shi ba. Ya tambaye ni sau uku ko na tabbata ba suɓuce mata ya yi ba. Ya ce a garinmu wanda ya kama kifi ya mayar, turun mahaukata ake kai shi.

Yeldu ta ba mu sanda, da zaren da aka tufka da izgar doki, da ƙugiyoyi huɗu, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ba a sa tana, ba a sa tuwo. Ƙugiyar ake yi wa sutura har ta yi kama da ƙwaro, kuma doka ta ce da kayan jikin baƙo za a yi suturar.

Anaruwa ya ce shi zai fara. Ya ce babban baƙo ba a tarbarsa da loma ɗaya. Ya ciro gashin jimina daga maficinsa, ya haɗa da jan zaren hularsa, ya ɗaure wani abu mai girman ɗan tsako. Rana ta biyar ya jefa shi a gurbi, ya faɗi tim. Kifayen da suka jure gaisuwa ma wannan karon barin unguwar suka yi. A jifa ta uku abin ya maƙale a reshe, ya tsinke. Saura ƙugiya uku.

Ni kuwa na kwanta rub da ciki a bakin ruwa, da agogo da littafi, ina kallo. Ga abin da na rubuta. Da safe kifin ba ya cin komai, sanyi ya ɗaure shi, yana kwance inda ruwa ya fi zurfi ya fi nawa. Ba ya bin abinci, sai abinci ya zo masa har baki. Ƙarfe ɗaya saura minti goma, in rana ta taɓa ruwan, wasu ƙwari baƙaƙe ƙanana, ba su kai sauro ba, sukan fito su yi ta tafiya a kan ƙanƙara kamar an barbaɗa kanumfari. Nan kifin yake tasowa ya tsotse su ɗaya-ɗaya. Ƙarfe biyu saura minti ashirin komai ya ƙare. Minti hamsin ke nan a yini.

Baƙin zare nake bukata, siriri. Na duba kayanmu duka, babu. Sai wani ɗan baƙin ƙyalle da nake sa alama da shi a littafina, gefen ɗankwalin Rifkatu. Na daɗe ina juya shi a hannu. Anaruwa ya gane shi, bai yi mini ba'a ba. Ya dai miƙo haɓarsa ya ce in za a yi wa ƙwaron fiffike, ga farin gashi nan kyauta, in zaɓi mai kyau. Na tsige uku, ya ce na tsige da mugunta. Sufeto ya ba da gashin wutsiya, ba da son ransa ba, don ƙarshen zaren ya yi sirantar da kifi ba zai gani ba. Na zauna a bakin ƙofa da hasken safiya, na warware zaren ƙyallen, na ɗaure ƙwari uku. Ƙyallen ya ƙare.

Rana ta shida ni na riƙe sanda, tunda ni ke da ƙafa. Jifata ba laifi. Sau uku zobe ya buɗe a kan ƙwarona, sau uku na tsaya in tabbatar kafin in ɗaga hannu, sau uku kifi ya tofar ya tafi. Haka aka rene ni, ba na amsa tambaya sai na sake karanta ta. Zaren ya yi ta daskarewa ina narkar da shi da baki. Ƙwaro ɗaya ya tafi reshe, ɗaya ya tsinke a dutse. Anaruwa yana kan Sufeto can baya yana ta ba ni umarni da iyakar muryarsa, yana cewa hannun alƙalami ne da ni. Da muka koma ɗaki, itace guda biyar suka rage, kuma na ga mutum biyu suna gyara igiyoyin rakiya a ƙofar Yeldu.

Rana ta bakwai Anaruwa ya tashi ya buɗe baki zai tsokane ni, sai iska kawai ta fito. Kwana shida yana ihu cikin sanyi, murya ta tafi. Ya dafe maƙogwaro, ya zaro ido. Allah ya gafarta mini, na yi dariyar da ban yi irinta ba tun rasuwar matata.

Muka yi shawara, ni da baki, shi da hannu. Hannunsa ne hannun masunci, shekara hamsin yana jin motsin kifi ta zare kafin kifin ya san ya motsa. Amma ba ya iya tsayuwa, in ya hau Sufeto inuwarsu ta rufe gurbi, in ya zauna ƙasa kuma bai hango ruwa. Kujera yake bukata, mai tsayin gwiwa, mai iya rarrafe.

Ƙarfe ɗaya saura kwata na durƙusa da hannuwa da gwiwoyi a cikin ƙanƙara, Anaruwa ya hau bayana. Muka rarrafo daga ƙasan gurbin, taku ɗaya, tsayawa ɗaya. Yeldu da mutanen gari suna tsaye nesa. Ya sunkuyo kunnena ya raɗa, da ɗan abin da ya rage masa: "Yau dai an raba gardama, bawana."

Nauyinsa ya kai na buhu biyu. Fuskata tana kallon ƙasa. Na ga ƙwarin nan baƙaƙe sun fara fitowa suna yawo tsakanin yatsuna. Na ji sanda ta yi shuu a bisa kaina, sau ɗaya, sau biyu. Shiru. Ya sake. Shiru. Agogo yana bugawa a aljihuna, ba ni da hannun ciro shi. Gwiwoyina suka daina ciwo, na san ba alheri ba ne. Ya yi jifa ta kai goma sha biyu.

Sai na ji ya ja numfashi. Na san wannan numfashin, shi ya rushe tudu a Ƙofar Iska. Ba zai iya shiga gidan kowa ba sallama ba, ko da gidan kifi ne. Na runtse ido.

"Salamu alaikum," in ji Anaruwa, da muryar da ba ta fi motsin ganye ba.

Jikinsa duka ya ƙage a bayana. Sanda ta yi ƙara. Na ji yana karkata dama, yana karkata hagu, yana ba da zare, yana karɓa, ni kuma ina bin sa da baya kamar doki. Gashin wutsiyar jaki ɗaya ne tsakaninmu da Ƙofar Iska. Wata goma sha huɗu na yi tafiya don in ga kifin nan, ga shi yana tsalle taku uku daga kaina, ni kuwa ƙanƙara nake kallo. Ina jin faɗuwarsa a ruwa, ina tambaya ja ne ɗigon ko ba ja ba, ba mai amsa mini.

Hannuwana suka gaza. Muka kife tare a bakin ruwa, sanda tana sama a hannunsa, bai saki ba. Ya jawo a hankali. Na ga hannunsa na hagu yana lalube cikin duwatsu, ya sami wani mai cika tafi, irin wanda masunta ke buge kan kifi da shi. Ba tunani ya yi ba, shekara hamsin ce ta ɗauko dutsen. Na riƙe wuyan hannun.

"Temmi, Anaruwa."

Ya dubi dutsen kamar wani ne ya sa masa. Ya yar. Ya tsoma hannuwansa biyu a ruwa, ya tallabo kifin.

Tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa wuyan hannu. Bayansa ruwan zuma, cikinsa kamar man shanu, ga ɗigon nan ja, kowanne da ɗan farin zobe kewaye da shi. Ƙwaron Rifkatu yana gefen leɓensa. Malama ta yi gaskiya. Baba ma bai yi ƙarya ba, a ruwan da ya sani ya yi magana. Na fara ƙirga ɗigon. Ina kan goma sha tara Yeldu ta dafa kafaɗata, don iskar ƙasarsu tana daskarar da kifi in ya daɗe a waje. Anaruwa ya zare ƙugiyar, ya dubi fuskar kifin, leɓunansa suna motsi. Na san iyali yake tambaya. Sannan ya buɗe hannu.

Mutanen gari suka yi ta murna da raɗa, kamar ruwan sama a kan ciyawa. Kafin mu isa ɗaki an jibge itace har bakin taga. Da yamma aka kawo mana tuwon wani hatsi da miyar kabewa. Anaruwa ya dubi kwanon, ya dubi wajen rafi, ya girgiza kai, ya ci.

Ƙanƙara ta narke ranar tara ga Afrilu. Na sake riƙe sanda sau da yawa kafin nan, na yi temmi sau shida da hannuna, amma wancan kifin bai sake tasowa ba, kuma ban ƙirga ɗigon sauran ba. A littafina har yau an rubuta goma sha tara, da ɗan fili a gaba. Na gyara lamba ta tamanin da takwas. Ranar sha biyu ga wata, ƙarfe bakwai daidai, na hau Ƙofar Iska ni kaɗai.

Ga waɗanda suka rage a kwarin, kamar yadda na bar su.

Yeldu, Uwar Rafi, da sandarta.

Anaruwa, wanda muryarsa ta dawo rabi, ya ce rabin ya ishe shi, kuma ƙasar da ba a gama gaida mutanenta ba bai ga dalilin barinta ba. Ya ce in gaya wa mutanen gida ya 'yanta ni.

Yatsunsa biyu da sanyi ya cinye, binne a gindin itacen da ke bayan ɗakinmu.

Sufeto, da ya ƙi hawa tudu, wutsiyarsa ta ɗan yi sanƙo.

Ɗan tsakon gashin jimina, a reshe, tsuntsaye suna kewaye masa.

Mai ɗigo, a gurbi na ashirin da bakwai, da ɗan tabo a leɓe.

Da ƙwaron Rifkatu na ƙarshe. Na so in taho da shi. Amma na riƙe shi da hannu biyu a bakin gurbin, na dube shi, na sa shi a ruwa.